Horon dabarun bincike na laburaren makarantarmu ta likitanci: inda suka burge da inda suka yi sakaci

Jama'a duk wanda ke da furojek ko disateshon a gabansa kuma laburaren makarantarsu ta likitanci na ba da horon nan na dabarun bincike, ni dai shawarata ya je, amma ya san abin da zai je nema, domin zaman neman takardu da kuma ganawar ido da ido da ma'aikacin laburare su ne naman abin, sauran kuwa to, akwai magana a kai.

Tsarin ba wani mai wahala ba ne, ka yi rejista a shafin laburaren, a tura maka imel, ka zo ɗakin kwamfuta ko ka taho da laftof ɗinka. An raba shi zama-zama, yadda ake gyara tambayar bincike, sai PubMed, wato rumbun neman takardun likitanci na intanet, sai manhajar tara madogara, sai bitar nan ta tsari da ake kira systematic review, wato tattaro duk binciken da aka yi kan tambaya guda a tace shi bisa ƙa'ida, a ƙarshe kuma tantance ingancin takarda. Zaman farko PICO ne kusan gaba ɗayansa, wato wane ne majinyacin, me za a yi masa, da me za a gwada, wane sakamako ake jira. Duk wanda ya zauna lakcar lafiyar al'umma ya taɓa jin wannan, ba sabon abu, illa dai malamar ta hana kowa taɓa kibod sai ya rubuta tambayarsa a takarda cikin gidaje huɗun nan, kuma nan fa aka ga waɗanda ke yawo da "taken furojek" alhali ba su da tambaya kwata-kwata.

Zaman PubMed shi ne ya biya ni wallahi. Yawancinmu mun saba mu zuba jimla guda a akwatin nema kamar Google, sakamako dubu ashirin ya fito, mu ɗauki na shafin farko mu wuce. Malama ta sa muka rubuta heart attack, sannan ta ce ku shiga Advanced ku buɗe Details ku ga abin da injin ya yi da kalmominku a ɓoye, sai ga shi ya haɗa da Myocardial Infarction da kansa ba wanda ya sa shi. Daga nan ta shiga bayanin MeSH, kundin kalmomin da Laburaren Likitanci na Ƙasa na Amurka ya fara fitarwa tun 1960 kuma ake sabunta shi duk shekara, wanda da shi ake yi wa takardun MEDLINE, wato babban ɓangaren PubMed na zaɓaɓɓun mujallu, alama, don haka ko marubuci ya ce cancer ko ya ce tumour ko malignancy, akwai kan magana guda, Neoplasms, da zai tattaro su, kuma saboda kalmomin a jere suke reshe-reshe, in ka zaɓi na sama PubMed zai kwaso na ƙarƙashinsa duka sai in kai ka hana shi. Amma ta ja kunne cewa MeSH kaɗai ba ya isa, don ba kowace takarda a PubMed ke da wannan alama ba, akwai waɗanda ba sa cikin MEDLINE, akwai sababbin da ba a kai gare su ba tukuna, shi ya sa kowane ɓangare na tambayarka sai ka haɗa kalmar MeSH da kalmomin da mutane ke rubutawa a take da taƙaitawa, ka ɗaure su da OR, wato ko wannan ko wancan, sannan ka haɗa ɓangarorin da AND, wato dole duka su fito.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda ta nuna haɗarin NOT, umarnin da ke cire duk takardar da ke ɗauke da kalmar da ka sa bayansa. Wani a gefena ya ɗaga hannu ya ce Malama ni beraye sun cika min sakamako, ba sai in ce NOT animals ba kawai? Ta ce gwada mu gani Dakta. Ya gwada, adadin ya faɗi, yana murna, sai ta sa ya nemo abin da aka zubar, ashe cikinsu har da binciken da aka yi a kan mutane da dabbobi a tare, tunda takardar na ɗauke da alamomin biyu, NOT kuwa ba ruwansa, ya gani ya share. Hanyar da ta dace ita ce ka cire waɗanda na dabbobi ne zalla. Haka ma tacewar Humans da ke gefen hagu, da MeSH take aiki, duk takardar da ba a yi wa alama ba tana ɓacewa ba tare da an faɗa maka ba. Ga kuma alamar tauraro da ake sawa a ƙarshen kalma don kamo duk yadda ta ƙare, tana da amfani sosai amma da zarar ka sa ta injin ya daina yi maka wancan haɗin na atomatik a kan kalmar. Irin waɗannan ƙananan abubuwan ba za ka tsince su da kanka ba sai ka yi asara tukuna. Sannan batun Free full text, tacewar da ke nuna takardun kyauta kaɗai, ta ce in don karatun jarabawa ne danna abinka, amma in bita kake rubutawa to ka zaɓi hujja ne bisa wanda ya buɗe ƙofarsa ba bisa inganci ba, kuma laburare na iya nemo maka takardar da ke kulle daga wani laburaren in ka cike fom.

Zaman madogara ya yi daidai, ba yabo ba fallasa. Sun nuna EndNote da Mendeley sama-sama sannan suka zauna a kan Zotero, wadda ta fito daga Jami'ar George Mason a 2006, ka sa ɗan maɓallinta a burauza, ka danna, takarda ta shige da duk bayananta, a Word kuma ka zaɓi salon jera madogara na Vancouver, wanda editocin mujallun likitanci suka tsara a taronsu na 1978, lambobi su jeru da kansu, in sufabaiza ya ce ka ɗauke sakin layi na uku ka kai shi farko ba sai ka kwana kana sauya lamba ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da ya burge ni, Zotero na yi wa takardar da aka janye jan tambari ta hanyar bayanan Retraction Watch, shafin da ke bibiyar takardun da aka janye, kuma malamin ya kawo misalin takardar Wakefield ta 1998 a mujallar Lancet kan MMR, rigakafin ƙyanda da hangum da rubella, wadda sai 2010 aka janye ta gaba ɗaya, shekara 12 kenan tana zaune a mujalla. Ya kuma yi gargaɗi kan madogaran da manhajojin AI ke ƙirƙirowa, sunan marubuci na gaske, sunan mujalla na gaske, takardar kuwa babu ita a duniya, ya ce duk abin da ba ka buɗe DOI ɗinsa, wato lambar shaidar takarda a intanet, ko ka gan shi a PubMed da idonka ba kada ya shiga aikinka.

To yanzu inda suka gaza. Na farko lokaci, an sa horon ne a tsakiyar zango lokacin da yawancin 'yan ajin ƙarshe sun riga sun miƙa babi na biyu, ba a fafe gora ranar tafiya ai, abu ne da ya kamata a yi shi kafin a amince wa mutum da take, kuma sa'o'in na cin karo da zagayen wodi, wanda ke kiran dare kuwa sai dai ya hakura tunda ba sa naɗar bidiyon zaman, silaid kawai ake turowa, silaid ɗin kuma hotunan allo ne da ba sa magana.

Na biyu, kuma wannan ya fi damuna, zaman systematic review da na tantancewa an cusa su ne a guje. An ambaci Cochrane, ƙungiyar da ke wallafa irin wannan bita, da aka kafa a 1993, an nuna PRISMA, ƙa'idar rubuta rahoton bitar, mai abubuwa 27 da zanen nan nata na takardu nawa aka samu nawa aka zubar da dalili, an ce a yi rejistar tsarin aiki a rumbun rejista na PROSPERO na Jami'ar York kafin a fara, an buɗe Rayyan, manhajar tace takardu, na 'yan mintuna, shi ke nan. Ba wanda ya fito fili ya ce wa ɗalibai wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne, ana son aƙalla mutum biyu su tace takardu kowa da kansa, kuma PubMed kaɗai ba ta wadatar, sai an haɗa da wasu rumbunan irin su Embase da CENTRAL, yana kuma cin watanni da yawa. Sai ga yara sun fito suna cewa su systematic review za su yi a sati shida. Tantance takarda kuwa, wanda shi ne zuciyar likitanci bisa hujja tun da su Gordon Guyatt na McMaster suka yaɗa sunan a farkon shekarun 1990, an raba mana jerin tambayoyin auna ingancin takarda na CASP ne aka karanto su daga sama zuwa ƙasa, ba a ɗauko takarda ko ɗaya an feɗe ta a gabanmu ba, a ce ga yadda aka rarraba majinyata, ga waɗanda suka ɓace a hanya, ga abin da tazarar amincewa ke faɗa. Ban ga laifin ma'aikatan laburare sosai ba a nan, fagen masu ƙididdiga da masana yaɗuwar cututtuka ne, da sun gayyato ɗaya daga sashen ya riƙe zaman da an fi amfana.

Batun mujallun bogi ma an taɓo shi kaɗan, jerin Beall na mawallafan da ake zargi da bogi da aka rufe a 2017, duba DOAJ, kundin mujallun karatu kyauta da aka tantance, duba ko mujallar na cikin MEDLINE da gaske ba wai ta rubuta hakan a shafinta ba. Ya isa a fara da shi.

Ganawar ido da ido kuwa mutane da yawa ba su ma san da ita ba don a ƙasan imel aka rubuta ta da ƙananan haruffa, alhali ita ce ta fi komai. Za ka zauna da ma'aikaciyar a gaban allo ɗaya, ta karanta layin bincikenka, ta ce wannan baka, wato bracket, ba ta rufu ba, wannan kalmar Birtaniya da Amurka ba iri ɗaya suke rubuta ta ba sa duka biyun, sannan ta nuna maka yadda za ka ajiye binciken a asusun NCBI, wato asusunka na PubMed, da kwanan watan da ka yi shi don sashen hanyoyin bincike. In za ka je, tafi da tambayarka a rubuce da kuma takardu uku ko huɗu da ka tabbata dole su fito a sakamakon, da su za ta gwada layin naka, in ɗaya ta ƙi fitowa ba za ta bar ka ka tashi ba sai an gano kalmar da ta hana.