Alipay da WeChat Pay a hannun malami baƙo a ƙaramin birnin ƙasar Sin

Malamin da ya samu aikin koyarwa a birni irin Mianyang ko Yichang ko Zhenjiang zai tarar cewa kusan duk kuɗin da zai kashe ta waya za su fita, daga kuɗin bas har kuɗin wuta. Manhajoji biyu ne ke riƙe da harkar: Alipay na kamfanin Ant Group da WeChat Pay na Tencent. Dukansu suna aiki sarai, amma sai baƙo ya haɗa su da asusun bankin cikin gida zai ga amfaninsu na gaske. Kafin nan rabin hidima kawai yake samu.

Tun 2023 ana iya ɗaura katin Visa ko Mastercard na waje a kan manhajojin biyu. A 2024 hukumomi suka ɗaga iyakar ciniki guda zuwa dala 5,000, ta shekara kuma zuwa dala 50,000. Wannan ya kawo sauƙi sosai ga sabon zuwa, domin makonnin farko su ne masu wuya. Wanda ya shigo da bizar aiki ta Z dole ya nemi takardar izinin zama cikin kwana 30, fasfonsa zai zauna a ofishin 'yan sanda masu kula da shige da fice har kusan ranakun aiki 15, bankuna da yawa kuwa ba sa buɗe asusu sai sun ga fasfon da izinin a ciki. A wannan tsakanin katin waje ne zai ciyar da kai.

Sai dai katin yana da iyakarsa. Cinikin da bai wuce yuan 200 ba babu caji, wanda ya haura kuma ana cire kashi 3 cikin 100 na dukan kuɗin, wato sayayyar yuan 3,000 za ta ci maka ƙarin yuan 90. Ba ka iya tura wa mutum kuɗi kai tsaye da shi, don haka mai gidan haya ko abokin aikin da ya biya maka abinci sai ka nemo masa tsaba. Masu sayar da kayan miya a kasuwar unguwa galibi da lambar QR (zanen murabba'i da ake ɗauka da kyamarar waya) ta ƙashin kansu suke karɓar kuɗi, ita kuwa wani lokaci takan ƙi katin waje. Doka ta hana a ƙi karɓar takardar kuɗi, amma ka miƙa wa mai 'ya'yan itace yuan 100 ka gani, da wuya ka samu canji.

Abu na farko da za a tanada shi ne layin waya. Ka je babban ofishin China Mobile ko China Unicom ko China Telecom da fasfo, kada ka ɓata lokaci a ƙananan shagunan bakin titi, na'urarsu katin shaidar 'yan ƙasa kaɗai take karantawa. Daga nan sai banki. Gara ka tambayi makaranta bankin da take biyan albashi ta cikinsa, ka tafi babban reshensa tare da ma'aikacin makarantar mai jin Sinanci, da fasfo da kwantiragi da takardar rajistar wurin kwana wadda ake yi wajen 'yan sanda cikin awa 24 da sauka. A ƙaramin gari kana iya zama baƙo na farko da ma'aikacin ya taɓa buɗe wa asusu, saboda haka ka ware masa rabin yini.

Inda aka fi samun cikas shi ne rubutun suna, kuma a nan ne ya kamata a natsu. Manhajar tana gwada sunan da ka rubuta da wanda banki ya shigar, harafi da harafi. Wani ma'aikaci zai fara da sunan mahaifi, wani da sunan yanka, wani ya haɗe su ba tazara, wani ya yanke na tsakiya don gurbin bai isa ba. Da zarar sun sha bamban, haɗin ba zai yiwu ba, saƙon da zai fito kuma ba ya faɗa maka dalili. Kafin ka tashi daga gaban kanta, ka sa a nuna maka sunan kamar yadda yake a kwamfuta, ka ɗauki hotonsa, ka kwafe shi daidai a manhajojin biyu. Lambar wayar da ka ba banki ita za ka sa, don can ake turo lambar tabbatarwa. Ka kuma tambayi iyakar abin da sabon asusu ke iya fitarwa a rana, bankuna kan rage ta ƙwarai saboda 'yan damfara, kuma takardar aiki ce ke sa a ɗaga ta.

Idan haɗin ya ɗauku, aiki sai santsi. Ka ɗauki lambar mai kaya da kyamara, ka rubuta kuɗin, ka sa lambar sirri mai lamba 6, ƙaramar lasifikar da ke gefen tukunyarsa ta faɗi adadin da ya shiga kafin ka mayar da waya aljihu.

A ganina Alipay ta fi sauƙin sha'ani ga baƙo. Turancinta ya fi yawa, tana fassara shafukan da ke cikinta, kuma motar haya ta Didi, keken haya, kuɗin wuta da ruwa da katin bas duk suna kusa da hannu. WeChat kuwa, manhajar hira da WeChat Pay ke cikinta, ba zaɓi ba ce, dole ce: jadawalin darasi, sanarwar taro da saƙonnin iyayen yara duk a zaurukanta suke zuwa, abokan aiki ma ta nan suke raba kuɗin cin abinci. Aibinta shi ne saurin rufe sabon asusun da ta yi wa zargi, kuma buɗe shi kan buƙaci wani mai tsohon asusu ya tsaya maka. Saboda haka kada ka tara albashi a cikinta, ka bar shi a banki manhajar ta riƙa ja.

Ranar da ka sabunta fasfo, lambarsa ta canza, sai ka sabunta ta a kamfanin waya da banki da manhajojin biyu, in ba haka ba wata rana za ka ga biya ya tsaya. Haka nan kada ka bar layin ya mutu lokacin dogon hutu. Aika kuɗi gida kuwa a banki ya fi tabbas, da fasfo da kwantiragi da shaidar biyan haraji, don haka tun watan farko ka tabbata makaranta tana biyan harajinka da sunan da ke kan fasfonka.