Makullin mota ko kwaɗo: wanne ke tsare wayar caji?

Alhaji, ranka ya daɗe. Ka ce kana barin motarka mai lantarki tana caji a wani gidan mai da ke da sola a Gumel, ka wuce kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ka dawo ka tarar an zare filogin daga bango, batir yana nan inda ka bar shi. Yanzu kuma kana fargabar kada wata rana cajar ce gaba ɗaya za ta yi ƙafa. Tambayarka ita ce: makullin da ke jikin motar ya wadatar, ko sai an haɗa da kwaɗo?

Wanda ya zare maka filogi ba lalle ne ɓarawo ba. Galibi mai neman soket ne, ko yaron da aka ce ya jona firijin ruwan leda, ko ɗan ƙiriniya. Ɓarawon gaske kuwa iri biyu ne: mai ɗauke cajar da lafiyarta ya sayar, da mai datse waya don jan ƙarfen da ke ciki ya kai wa 'yan jari-bola. Da waɗannan mutane uku za a auna kowace dabara, domin abin da ya hana ɗaya ba ya hana sauran. Abin da ke ba su dama shi ne daɗewa. Cajar tafi-da-gidanka da ake jonawa a soket na gida tana jan wajen amfiya 10, wato kilowat 2.3 a wutarmu mai bolt 230. Batir mai ɗaukar wuta kilowat-awa 40, irin na wasu Nissan Leaf, zai ci fiye da awa 17 kafin ya cika daga ƙasa. Ba mai tsayawa gadin mota tsawon haka.

Makullin mota dai kyauta ne, kuma ba ka da mabuɗin da zai ɓata. Amma duba bakin cajarka tukuna, don ba iri ɗaya ba ne. Motocin da suka fito daga Turai suna da kan da ake kira Type 2: da zarar caji ya fara, wani ɗan ƙarfe daga cikin motar yakan shiga ramin da ke jikin kan ya riƙe shi, ba ya fita sai ka buɗe motar ko ka tsayar da cajin. Motocin Amurka da Japan na da, kan Type 1 gare su, mai maɗanni a sama. Danna shi kaɗai na sa mota ta daina jan wuta, kuma idan motar ba ta da makulli, kowa zai iya zare shi. Na China suna da nasu tsarin, GB/T. Akwai kuma saiti. A Leaf, alal misali, za ka iya zaɓar AUTO, wanda ke sakin kan da zarar batir ya cika, ko LOCK, wanda ke riƙe shi har ka dawo. An yi AUTO ne don wuraren da ake layi a kan caja ɗaya ta jama'a, wanda ya gama a zare masa a ba na baya. Kai da cajar taka ce ta kanka, LOCK ne naka. Kada ka dogara da abin da dillali ya gaya maka: kulle motar, kashe soket, ka ja kan cajar da hannunka ka ga ko zai fito. Ka kuma nemo inda igiyar sakin gaggawa take, a but ko ƙarƙashin bonet, domin ƙurar hunturu na iya sa ɗan ƙarfen nan ya maƙale, ranar kuwa kai ma za ka kwana a Gumel.

Inda makullin ya gaza shi ne ainihin abin da ya same ka. Ɓangaren mota kawai yake riƙewa. A Turai, tashoshin caji na bakin titi suna kulle ɗaya bakin wayar su ma, amma soket na bangon gidan mai ba ya riƙe komai. Ya hana mai ɗauke caja, bai hana mai zare filogi ba.

Kwaɗo shi kuma ya danganta da inda aka sa shi. Yawancin kawunan Type 1 suna da ɗan rami a jikin maɗannin, ana zura ƙaramin kwaɗo irin na jakar tafiya. Zai hana yara, amma filaya ɗaya ta gama da shi. Wasu kan ratsa wayar ta cikin ƙarfen taya su kulle. Yana aiki, sai dai ranar da ka cire kan daga mota ka manta da na taya, ka tayar, ka yi asarar waya da hannunka. Masu taka wayar da taya don kada a ja ta kuwa, a daina: nauyin mota yana murƙushe wayoyin ciki, wurin ya riƙa zafi ba ka sani ba.

Kwaɗon da ya cancanci kuɗinka shi ne na bango. Ka je wurin mai walda ya ƙera ƙaramin akwatin ƙarfe da zai rufe soket da filogi, da ɗan tsagi a ƙasa inda waya za ta fita amma filogi ba zai bi ba. Ka ce ya huda shi sosai don iska, kuma a kafa shi a inuwa. Soket na gida amfiya 13 ne iyakarsa, yana ɗumi idan ya yini yana ba da wuta, balle a zafin Afrilu cikin ƙarfe rufaffe. Makashin wutar ya zauna a waje inda mai wurin zai kai hannu, don in ya ji ƙauri ya kashe ba sai ya nemo ka a kasuwa ba. Abin da na fi so ma, in cajarka na karɓa, a kira ƙwararren mai gyaran wuta ya sa maka soket shuɗi mai zagaye irin na masana'antu, a kan layinsa shi kaɗai. Filogin firiji ko cajar wayar salula ba ya shiga cikinsa, don haka mai neman soket ba shi da dalilin taɓa naka.

Mai datsewa fa? Nan duka biyun sun faɗi, domin almakashin ƙarfe ba ruwansa da makulli. Ko a Amurka an sha wannan: kamfanin Electrify America mai tashoshin cajin mota ya ce an yanke masa wayoyi 129 a watanni biyar na farkon 2024, fiye da na shekarar 2023 gaba ɗayanta, a daidai lokacin da farashin jan ƙarfe ya yi tashin gwauron zabo. Amma waɗancan manyan wayoyi ne da ke manne a jikin tasha, suna kwana a fili ba kowa, kuma ba wuta a cikinsu in ba a jona mota ba. Taka tana aiki da rana ne a gaban mutane, da yamma ta koma but. Kada dai ka bar ta ta kwana a waje.

In ni ne, makullin mota in sa shi a LOCK tunda ba ko kwabo, kuɗin kuma in kashe su a akwatin bango, ba a kwaɗon kan caja ba. Sannan in zauna da mai gidan man a yanke kuɗin caji a fili, awa nawa naira nawa. Sau da yawa shi da kansa ke sa a zare, saboda kilowat biyu da ɗoriya na tsawon yini nauyi ne babba a kan inbata da batiran sola, ga kuma famfon mai yana jira. In ya san ana biyansa, zai gaya maka awannin da rana ke iya ɗauka. A ajiye motar kusa da bencin maigadi, a riƙa yi masa ɗan ihsani, a bar lambar waya a gilashin gaba.

'Yan'uwa masu Adaidaita Sahu da babur na lantarki da ke cikin wannan zaure, ku galibi ba ku da makullin kan caja ko kaɗan, cajar kuma ƙarama ce, tana shiga aljihun babbar riga. In batirinku na cirewa ne, ku kai shi cikin shago tare da cajar, a rubuta suna da fenti a jikin kowanne, a ba ku lamba kamar yadda masu cajin waya ke yi.