Cukun Parmigiano Reggiano na ƙananan masana'antu: na wata nawa ya cancanci kuɗinsa?

In za ka sayi cukun Italiya guda ɗaya tak, ka sayi Parmigiano Reggiano ɗan wata 24, yankakke da ɓawonsa. Wanda aka goge aka ƙulla a leda kuwa, bar musu kayansu, dalili na nan tafe.

Ba ko'ina ake yin wannan cuku ba. Doka ta taƙaita shi ga lardunan Parma, Reggio Emilia da Modena, da wani sashe na Bologna da Mantova, duk a arewacin Italiya. Masana'antun da ke yin sa sun kai wajen 300, da yawansu ƙanana ne na manoman da suka haɗa kai, kuma ƙungiyar da ke sa musu ido tana nan tun 1934. Kayan haɗin uku ne kacal: ɗanyar madarar shanu, gishiri, da sinadarin daskarar da madara da ake cirowa daga cikin ɗan maraƙi mai shan nono.

Madarar yamma ake bari ta kwana a faffaɗan mazubi har maiƙonta ya taso a kwashe, da safe a haɗa ta da sabuwar tatsa a tukunyar jan ƙarfe mai cin lita kusan 1,100. A zuba ruwan tsamin da ya rage daga aikin jiya, a sa sinadarin, in ta daskare a farfasa ta har ta koma ƙanana kamar ƙwayar hatsi, sannan a dafa zuwa digiri 55. Curi biyu tukunya ɗaya ke bayarwa, kowanne kusan kilo 40. Ka ga ke nan kilo ɗaya ya lashe madara wajen lita 14, tsadarsa ba ta banza ba ce. Curin zai yi kimanin sati uku cikin ruwan gishiri kafin a jera shi a kan katako. Bayan wata 12 masu duba su zo da 'yar guduma suna ƙwanƙwasa kowane curi, suna sauraren ko akwai rami ko tsaga a ciki. Wanda ya ci jarrabawa shi ake yi wa tambarin wuta.

Ɗan wata 12 yana da taushi da ƙanshin madara, amma bai gama nuna ba, ɗanɗanonsa bai yi nisa da na Grana Padano, wani cukun Italiya mai rahusa, ba. A wata 24 ne yake kai inda ake so: launin ya koma ruwan ƙwai, yana ɓarewa gutsi-gutsi, gishiri da zaƙi sun daidaita, ga gardi irin na soyayyiyar gyaɗa. Za ka ji wasu fararen ƙwayoyi suna ƙaras-ƙaras a haƙori. Wasu kan ɗauka gishiri ne ko alamar lalacewa, alhali sinadarin furotin ne da ya dunƙule saboda daɗewa, kuma shi ake nema. Ɗan wata 36 ya fi bushewa da kaifi, har da ɗan yaji a ƙarshen harshe. Yana da daɗin ci haka nan da zuma ko dabino, amma asara ce a barbaɗa shi a taliyar da ta sha tattasai da attaruhu, don ba za a ji bambancin ba.

Abin da ƙananan masana'antu suka fi manya shi ne madarar. An haramta ba shanun ciyawar da aka rufe ta yi tsami, sai ɗanya ko busasshiya, galibinta ta yankin, don haka na kan tsaunuka yakan fito da ƙanshin ciyawarsa. Akwai kuma na jajayen shanun Reggiana, Vacche Rosse, wanda ba a fitar da shi sai ya cika wata 24. Ya fi maiƙo, ya fi tsada. Yana da kyau ƙwarai, sai dai ga girkin yau da kullum ƙarin kuɗin bai zama dole ba.

Ɓawon shi ne takardar shaidarsa. Na gaske yana ɗauke da sunan Parmigiano Reggiano da ɗige-ɗige kewaye da curin, ga lambar masana'anta da wata da shekarar da aka yi shi, a ledar kuma akwai tambarin DOP, shaidar Tarayyar Turai cewa daga yankinsa na asali ya fito, mai ja da ruwan ɗorawa. In ka ga an yi wa ɓawon zane-zanen layi, mai daraja ta biyu ne, ana ce masa mezzano, bai kamata a sayar maka da shi a farashin na ɗaya ba. Abin da aka rubuta wa "parmesan" kawai daga wajen Turai yana iya zama kowane irin cuku, kuma gogaggen irinsa sau da yawa ana zuba masa garin da ke hana shi cajewa. Ko na gasken ne, da an goge shi ƙanshin ya fara gudu.

Sai batun da Musulmi zai tambaya. Sinadarin nan na cikin maraƙi ne, kuma malamai sun yi saɓani a kansa in ba a yanka dabbar bisa shari'a ba: Imam Abu Hanifa yana ganin mai tsarki ne, mazhabar Malikiyya da Shafi'iyya ba su yarda ba. Akwai 'yan masana'antun da ke yin mai shaidar halal, mai son fita daga saɓani ya nemi wannan. A kula kuma da kwandunan kyauta da shagunan ke haɗawa, don galibi sukan cusa prosciutto, salame, pancetta, guanciale, coppa ko mortadella, kuma duk naman alade ne. Kalmomin dubawa a jikin leda su ne suino, maiale da strutto. Bresaola ce ta naman sa, amma ita ma sai an tambayi yanka, wasu kuma suna jiƙa ta da giya.

Ajiya a ƙasa mai zafi ita ce matsalar. Firji yake so, tsakanin digiri 4 da 8. In wuta ta ɗauke ya sha zafi, sai ya yi gumin mai, ya bushe, ya tsattsage. Saboda haka kada ka wuce giram 300 zuwa 500 a saye ɗaya. Da ka buɗe, naɗe shi da takardar gashi ko tsaftataccen ƙyalle, ka sa a roba mai murfi, nesa da daddawa da kifi, don yana kwasar wari. In hunhuna ta fito a sama, kankare wurin da wuƙa, sauran lafiya lau ne. Ba a yanka shi fale-fale, tsinin wuƙa ake cakawa a ɓamɓaro. Ɓawon ma ba kaki a jikinsa: wanke shi, kankare bayansa, ka jefa a tukunyar wake ko romon kaza ya yi minti 30 yana dahuwa, amma ka rage gishirin da ka saba sawa.