Bitamin A da maganin ƙarin jini a likitocin Tawa: rabo ya yi, lissafi da saura

Rabon bitamin A ga yara a cibiyoyin CSI, wato ƙananan likitocin gwamnati, na jihar Tawa ya cancanci yabo. Kyauta ne, kuma ƙa'idarsa a fili take: ɗan wata 6 zuwa 11 a ba shi shuɗiyar ƙwaya mai awo 100,000, daga wata 12 zuwa 59 kuma ja mai 200,000, duk bayan wata shida. Ma'aikaciya kan yanke bakin ƙwayar da almakashi ta matse man a bakin yaro nan take, ba a miƙa wa uwa ta tafi da ita gida. Wanda ya cika shekara ana haɗa masa da maganin tsutsar ciki.

Wajen ƙidaya ne aikin ke da rauni. Ana raba yawan yaran da aka ɗiga wa da yawan waɗanda ake zaton suna yankin, shi kuwa wannan zato daga ƙidayar jama'a ta 2012 aka tsinkayo shi. Makiyayan Abalak suna tashi da iyalansu, a Ƙonni kuma yara na shigowa daga tsallaken iyaka, sai ka ga rahoto ya zarce ɗari bisa ɗari alhali akwai rugar da ba a taka ba. Ga kuma yaron da aka ɗiga wa lokacin kamfen, aka sake lissafa shi ranar awo, don ba a rubuta a karnensa, wato littafinsa na likita, ba.

Lissafin maganin masu ciki ya fi damun mu. Rajista tana nuna ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba mace ranar awon ciki, ba waɗanda ta haɗiye ba. Da yawa kan daina sha saboda tashin zuciya ko baƙin bayan gida, wanda ba illa ba ne, amma in ba a faɗa mata tun farko ba dole ta tsorata. Shan sa da shayi ma yana rage amfaninsa.

Don gyara lissafin, ya kamata mai bincike da ke bin gida-gida ya riƙe ƙwayoyin bitamin A a hannu ya nuna wa uwa, domin da yawa na ɗaukar ɗigon shan inna a matsayin bitamin. Ya yi binciken cikin makonni kaɗan bayan rabo, ya duba karne kafin ya yi tambaya, ya ƙirga sauran ƙwayoyin mai ciki da idonsa. Ke kuma uwa, kada ki bar likita sai an rubuta kwanan watan.