Kayan Kare Kunne ga Mai Galahanga: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Ciro Kuɗi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Terminus da misalin ƙarfe huɗu na yamma ya san yadda garin Jos yake idan kasuwa ta cika: masu Keke Napep suna danna hon babu ƙaƙƙautawa, mai maganin gargajiya ya ɗaure lasifika a kan motarsa, janaretocin shaguna suna ruri, 'yan kamasho kuma suna ƙwala wa fasinja kira. A wurin yawancin mutane wannan hayaniya ce da ake ji a wuce. A wurin da yawa daga cikin masu larurar da likitoci ke kira otizim, wadda a Hausa aka fi sani da galahanga, ciwo ne na zahiri, kamar ana tura tsinke cikin kunne, kuma idan abin ya yi tsanani mutum yakan kasa magana, ko ya fashe da kuka, ko ya ruga a guje ba tare da ya duba hanya ba. Wasu dangi sukan ɗauka shagwaɓa ce ko iska, alhali tun a 2013 kundin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ya sanya tsananin jin sauti da haske da taɓi cikin alamomin da ake dubawa wajen gane larurar. Ni ina cikin masu ita, kuma na yi shekaru ina sayen kayan kare kunne, wasu suka amfane ni, wasu kuma har yau suna ƙasan akwati.

Kafin a tambayi farashi, ya kamata a fara sanin irin ƙarar da take cutar da mutum, domin kowane kaya yana da ƙarar da yake iyawa da wadda ta fi ƙarfinsa. Akwai ruri mai kauri wanda ba ya yankewa, irin na janareta da injin mota da firji. Akwai ƙara mai kaifi da ke zuwa ba zato, irin ta hon, da guɗa a gidan biki, da faɗuwar kwanon silba a kan siminti, da bangar da yara ke fasawa a watan Disamba. Akwai kuma surutun taro, inda muryoyi ke cakuɗewa har mutum ya kasa ware muryar wanda yake yi masa magana. Idan mai larurar yana iya bayani, shi ya fi kowa sanin amsar. Idan yaro ne da bai iya faɗa ba, sai iyaye su ɗauki mako guda suna lura da lokutan da yake danne kunnuwansa da tafin hannu, da abin da ke ƙara a daidai wannan lokaci.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum tana kusa da desibel 60, ƙarar da ta kai 85 tana iya lalata ji idan ana shafe awa takwas a cikinta kullum, sannan ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar sau biyu. A jikin kwalin kayan kirki za a ga lambar da ke nuna yawan desibel ɗin da kayan ke ragewa, kusa da haruffan NRR idan na kasuwar Amurka ne, ko SNR idan na Turai ne, kuma ba a kwatanta ɗaya da ɗaya kai tsaye, domin SNR yakan ɗan ɗara NRR a kan kaya iri guda. Waɗannan lambobi a ɗakin gwaji aka same su, shi ya sa hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka take ba da shawarar a cire 7 daga lambar NRR sannan a raba saura biyu idan ana son kusantar gaskiya. Abin da aka rubuta masa 29 ke nan yana iya rage desibel 11 kacal a kunnen wanda bai iya saka shi daidai ba.

Mafi arha shi ne toshiyar soso, wadda ake samu a wasu kemis da kuma shagunan da ke sayar da hular kwano da takalman aiki. A takarda babu abin da ya fi ta ƙarfi: samfurin 3M 1100 yana da NRR 29, Howard Leight Max kuma yana da 33. Sai dai ƙarfin nata ya dogara ga iya sakawa. Ana murza ta tsakanin yatsu har ta yi siriri, a zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunne sama, a tura ta ciki, sannan a riƙe kamar daƙiƙa 30 har ta kumbura. Wanda ya cusa ta a bakin kunne kawai bai sami ko rabin amfaninta ba. Tana da kyau wajen barci, musamman a daren damina idan ruwa yana dukan rufin kwano, amma tana dusashe magana gaba ɗaya, kuma tana sa mutum ya riƙa jin taunarsa da numfashinsa da takunsa a cikin kansa, abin da wasu masu galahanga ba sa iya jurewa ko na minti ɗaya. Tana kwasar dauɗa da sauri, don haka ba a daɗe da guda, ba a kuma mayar da ita kunne mai danshi bayan alwala ko wanka sai an tsane shi. Ƙaramin yaro kuwa kada a ba shi ita, domin zai iya kai ta baki ya shaƙe.

Ga yara da duk wanda ba ya son a saka masa komai a ramin kunne, marufin kunne ya fi dacewa, wato kofuna biyu masu matashi da ƙarfe ko roba ya haɗa ta saman kai, irin wanda ma'aikatan filin jirgin sama ke sawa. Ba ya bukatar batir, ba ya bukatar koyo, kuma yana rage ƙara mai kaifi sosai. Cikin samfuran 3M Peltor, ƙaramin X1A yana da NRR 22, babban X5A kuma yana da 31, sai dai girmansa da nauyinsa sun sa ba kowa ne zai yarda ya fita da shi ba. A nan mutanen Jos suna da sa'a: garin yana bisa tudu mai tsawon kusan mita 1,200, sanyinsa kuma yana sa a iya ɗaukar marufin na awa biyu ko uku, har ma ya zama kariya daga hunturu. A Abuja cikin watan Maris, rabin awa ta isa gumi ya cika kofunan. Abin lura shi ne duk abin da ya shiga tsakanin matashin da fata yana buɗe wa ƙara ƙofa, ko ƙafar tabarau ce, ko bakin hula, ko kitso mai tudu. Mai hijabi gara ta sa shi daga ciki idan hijabin yana da yalwa, domin ɗora shi a kan yadi yana rage masa ƙarfi. Ana kuma duba matsinsa, saboda wanda ya matse kai da yawa ciwon kai yake kawowa, kuma yaron da ya ji zafinsa sau ɗaya da wuya ya sake yarda a sa masa.

Nau'i na uku shi ne toshiyar roba mai matacin sauti, wadda aka fara yi domin mawaƙa da masu kiɗa. Ba ta toshe kunne ruf. Tana rage ƙarar ne daidai gwargwado ta bar magana tana fita sarai. Etymotic ER20 tana rage kusan desibel 20, kamfanin Loop na ƙasar Beljiyam kuma yana da Engage da Experience masu rage tsakanin 16 da 18, da Quiet wadda ta fi su toshewa. A ganina wannan nau'i shi ne ya fi dacewa da zamanmu na Hausawa, saboda wani dalili da ba a rubuta shi a jikin kwali. Matashin da ya shiga gaida kawunsa da manyan kofuna a kunne za a ce ba shi da kunya tun kafin ya buɗe baki, amma wannan 'yar toshiya ba ta cika fitowa fili ba, a ƙarƙashin ɗankwali ko hijabi kuwa babu mai ganinta. Da ita ana iya zama a wurin ɗaurin aure ko suna, ana iya bin sallar Juma'a a ji karatun liman ba tare da lasifikar ta huda kunne ba, ɗalibi kuma yana iya jin malami a ajin da yara suka cika. Rauninta shi ne ba ta isa ba idan ƙarar ta kai ta injin markaɗe ko ta makaɗan zamani a filin biki, sannan tana da saurin ɓata, kuma dole a gwada bakin roba mai girma daban-daban kafin a dace da na kunnen mutum.

Sai kuma wanda kowa ke sha'awa, wato hedifon mai kashe ƙara da lantarki, irin su Sony WH-1000XM4 da XM5, da Bose QuietComfort, da AirPods Pro, da masu rangwamen farashi na Soundcore da Oraimo. Yadda yake aiki shi ne ƙananan makirfo suna sauraron ƙarar waje, na'urar kuma ta ƙirƙiro kishiyar wannan sauti ta aika kunne, sai biyun su kashe juna. Wannan dabara tana cin nasara ne a kan sauti mai kauri wanda ba ya canzawa, shi ya sa idan maƙwabci ya tayar da janareta ka sa shi, sai ka ji kamar an ɗauke maka dutse daga kai, haka nan a doguwar tafiyar mota daga Jos zuwa Abuja ta Akwanga. Amma kukan jariri da hon da guɗa suna da kaifi kuma suna zuwa da sauri, don haka yawancinsu sukan wuce, kuma da yake rurin da ke rufe su ya kau, wani lokaci sai su fi fitowa fili. Na taɓa tara kuɗi na watanni na sayi guda domin wani biki na dangi, ban kai ga cin abinci ba na gudu gida; marufin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa ba da ya fi yi mini aiki a ranar. Wasu kuma suna jin wani irin matsi a dodon kunne ko jiri idan an kunna shi. Manyan samfuran sun ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 sau da dama, kuma ko da yake batirin na Sony yana kai awa 30, ranar da cajin ya ƙare babu wuta, an koma gidan jiya. Wanda janareta ko ofis mai na'urar sanyaya ɗaki ke damu, kuɗinsa ba su tafi a banza ba. Wanda ƙara mai kaifi ke damu, ya ajiye kuɗinsa.

Akwai silikon mai laushi kamar ƙullin fulawa da ake mannawa a bakin kunne, irin na Mack's mai NRR 22, wanda yake da daɗin kwanciya a gefe. Auduga da takardar goge hannu kuwa ba sa rage komai na a-zo-a-gani, sai dai su bar ɓurɓushi a kunne. Haɗa soso da marufi a lokaci guda yana ƙara kusan desibel 5 ne kawai a kan mafi ƙarfinsu, domin sauti yana bi ta ƙashin kai ma.

Wani gargaɗi da mai shago ba zai yi ba shi ne cewa yawan toshe kunne yana iya ƙara ciwon. Masana ji sun daɗe suna faɗar cewa idan mutum ya wuni da toshiya har a ɗaki mai shiru, ƙwaƙwalwa takan ƙara buɗe jinta domin ta cike gurbin abin da ta rasa, sai ƙarar da a da ake jurewa ta koma abin gudu. Saboda haka kariyar ta wurin hayaniya ce, a sa idan za a shiga kasuwa ko biki, a cire idan an dawo gida. A bakin titi ma ana bukatar hattara, domin wanda bai ji Keke Napep na tahowa ta bayansa ba ya sayi wata matsalar. Idan kuma ciwon sabo ne, ko yana zuwa da ruwa daga kunne, ko da ƙara kamar ta gyare da ba ta tsayawa, likitan kunne ya kamata a fara gani kafin mai shago. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Jabu ya yi yawa, a shaguna da kuma intanet. Kayan kariya na ƙwarai yana ɗauke da lambar NRR ko SNR, na Turai kuma da alamar EN 352, kuma marufin da ka ɗaga ka ji shi fayau kamar gwangwani, babu soso mai kauri a cikin kofunansa, ado ne kawai. Hedifon mai suna babba da aka yi wa farashin da bai kai rabi ba, sunan kawai aka sayar maka.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, shawarata ita ce ya fara da marufi matsakaici guda da 'yan toshiyar soso na dare, idan hali ya samu ya ƙara da mai matacin sauti domin shiga jama'a, hedifon na lantarki kuma ya zo a ƙarshe bayan an tabbatar ruri ne abin da ke damunsa. Ranar sayen a tafi da mai larurar da kansa, da safe kafin kasuwa ta cika, a roƙi mai shago ya bari a gwada marufin ko hedifon a bakin ƙofa inda janareta ke aiki, wani ya tafa hannu daga baya, wani kuma ya yi magana daga gaba. Idan yaro ne, a bar shi ya riƙe, ya juya, ya zaɓi launin da yake so, a kuma duba ko ya bar shi a kansa na minti biyar ba tare da ya fizge ba.