Ƙaramar kyamara ko babbar 4x5?

Ƙaramar, mai fim 35mm, ka rataya ta a wuya ka shiga kasuwar Terminus ta Jos, hoto 36 a naɗi ɗaya, kana tafe kana ɗauka. Ita kuwa 4x5, babbar kyamara mai falle-fallen fim inci 4 da inci 5, sai an kafa ta kan ƙafa uku, ka lulluɓe kai da baƙin ƙyalle, hoton ma a kife zaka ganshi, fim biyu kacal kowace holda (gidan saka fim) ke ɗauka, ga ƙurar hunturu da bata raga wa fim. Amma fa girman fim ɗinta ya ninka na 35mm fiye da sau 10, ka ɗauki duwatsun Riyom na jihar Filato da ita kowace tsaga sai ta fito tar. Wajen biki kam ƙaramar ce, amarya bazata tsaya jiranka ba.