Mazda MX-5 ko Fijo 504: wacce za ka saya?

Motocin nan biyu duk tsofaffi ne, kuma dukansu da tayoyin baya suke ja. Kamanninsu ke nan, daga nan hanya ta rabu.

Mazda ta fitar da MX-5 a 1989, wadda a Amurka ake kira Miata. Samfurin farkon nan kujeru biyu kacal, rufi mai naɗewa, inji lita 1.6, fitilun gaba kuma suna ɓoye sai an kunna su ɗago. Nauyinta bai wuce tan ɗaya ba, shi ya sa take da daɗin hannu a kwana, giyarta kuma na shiga ba gardama. Sai dai motar ƙasa-ƙasa ce. A titi mai ramuka ko lungun da ruwa ke kwanciya da damina, cikinta zai riƙa gogar ƙasa. Rufin kuma idan ya tsufa yakan yi yoyo, ƙurar hunturu ma ba ta barinsa. Kafin ka biya, leƙa ƙarƙashin ƙofa gab da tayar baya, nan tsatsa ke fara cinta. Ka duba sitiyari ma: wadda aka yi wa kasuwar Japan, mai suna Eunos Roadster, sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, don haka mai sitiyari a hagu za ka nema.

Fijo 504 ba baƙuwa ba ce. Ta fito a Faransa a 1968, ta zama motar shekara a Turai a 1969, sannan kamfanin PAN ya shafe shekaru yana harhaɗa ta a Kaduna tun daga 1975. A wannan shekarar ce kuma ta lashe tseren Safari a Kenya, wanda duk wanda ya taɓa shigarta a hanyar ƙauye ba zai yi mamaki ba. Tana da tsayi daga ƙasa, tana shanye gargada, mai dogon baya kuma layin kujeru uku gare ta, ta kwashe iyali da kayansu. Galibi kabureta take amfani da shi, kuma da wuya ka rasa bakaniken da ya san ta. Kayan gyaranta a nema a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. Na Mazda kuwa galibi sai an yi oda an jira.

Aibin Fijo shi ne yawancin waɗanda suka rage sun sha aikin haya har sun gaji. Duba bodi da kyau, kada sabon fenti ya ruɗe ka, ka tafi da bakanikenka ya saurari injin da lagireto bayan ta yi zafi. Kuma tana shan mai, a farashin yau wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Idan mota ɗaya za ka mallaka, Fijo mai lafiyayyen bodi ce taka. Mazda ta wanda ya riga yana da motar kai yara makaranta ce, da rumfar ajiye ta.